Sarƙar 'Yan Safiyo da Filin Alhaji

  

Yau zan yi magana ne a kan wani abu da abokaina suka daɗe suna yi mini dariya saboda shi, har wasu suka laƙaba mini "mai tarkace". Abin kuwa shi ne tara tsofaffin kayan aikin 'yan safiyo, wato kayan awon ƙasa na zamanin da. Na san wani zai ce, yaro ɗan sakandare, wanda ko takun ƙafa na ƙasa bai mallaka ba a garin da aka haife shi, me ya haɗa shi da kayan awon fili? To mai karatu ka yi haƙuri ka biyo ni, domin ni ma na daɗe ina yi wa kaina wannan tambayar.

Kakana goro ne ya kawo shi Ibadan, ya zauna a Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Mahaifina, wanda duk gidan muke kira Alhaji, ya fara da goron, daga baya ya koma cinikin tsofaffin ƙarafa. Da na gama sakandare a 2017 ban samu ci gaba ba, sai ya ɗora ni a kan sikeli. Aikina shi ne in auna abin da 'yan gwangwan suka kawo, in ware baƙin ƙarfe gefe, alminiyon gefe, jar waya gefe, tagulla gefe, in rubuta kilo, in biya. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san cewa ido yana mutuwa a cikinta. Tukunya da injin ɗinki da agogon bango duk ɗaya ne a wurinmu, nauyinsu kawai muke gani.

Wata ranar Laraba a 2018 wani yaro ya turo kura cike da kayan da aka kwashe daga wani tsohon gida da magada suka sayar. Cikin kayan akwai wata sarƙa a naɗe kamar damin kara, an ɗaure tsakiyarta da tsohuwar fata. Ba irin sarƙar kulle ƙofa ba ce. Kowace gaɓa doguwar waya ce miƙaƙƙiya, tsawonta kusan taƙi guda, da ƙananan zobba a tsakani, ga mariƙi na tagulla a kowane ƙarshe. Niyyata in sa guduma in cire tagullar in jefa sauran cikin baƙin ƙarfe. Sai na lura da wasu 'yan alamu na tagulla da ke rataye a jikinta, wata mai haƙori ɗaya, wata biyu, wata uku, wata huɗu, ta tsakiya kuma zagayayya. Na ce a raina, wanda ya yi wannan lissafi yake yi. Na ajiye ta a ƙarƙashin teburi, na sa kuɗin kilonta daga aljihuna.

Da yamma Alhaji ya gan ta. Ya ce, "Kai, wannan fa?"

Na ce, "Alhaji, so nake in san ko ta mece ce."

Ya ce, "In ka sani sai ta ƙara nauyi?" Ya wuce masallaci.

Kusan shekara guda tana ɗakina ban san amfaninta ba, sai da Allah Ya haɗa ni da wani dattijo Bayarabe da ke zuwa wurinmu neman tsofaffin bututu don gonarsa. Ashe tsohon ɗan safiyo ne da ya yi ritaya, ya yi aiki shekaru a Arewa, yana kuma jin Hausa irin ta mutanen da, wadda ko mu 'yan Sabo ba ma yin irinta. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan Alhaji. Ranar da na fito masa da sarƙar bai ce komai ba. Ya kama mariƙan biyu da hannun hagu, ya wurga damin da hannun dama, sai ga ta ta miƙe a ƙasa ba tare da ta harɗe ba. Ya ce rabonsa da yin haka ya fi shekara talatin.

A bakinsa na fara jin sunanta. Sarƙar Gunter ake kiranta, da sunan wani malamin lissafi na Ingila, Edmund Gunter, wanda ya fito da ita a 1620. Tsawonta ƙafa 66, har da mariƙan, gaɓoɓinta 100 cif. Alamun nan masu haƙora suna nuna kowace gaɓa goma, ana ƙirgowa daga kowane ƙarshe, zagayayyar kuma ita ce hamsin. Na tambaye shi me ya sa 66, ba 50 ko 100 ba? Ya ce ai nan hikimar take. Sarƙa 80 ita ce mil ɗaya. Fili mai tsawon sarƙa goma da faɗin sarƙa ɗaya kuma shi ne eka ɗaya daidai. Saboda haka mai awo ba ya buƙatar dogon lissafi, ya ninka tsawo da faɗi, ya raba da goma, ya samu eka. Mutum biyu ke jan ta, na gaba yana riƙe da tsinken ƙarfe goma, duk inda sarƙa ta ƙare ya soka ɗaya, na baya yana tsincewa. Idan tsinke goma suka taru a hannun na baya, an san an ci sarƙa goma.

Daga nan sai ya ce in kawo tef. Muka shimfiɗa ta a kan siminti muka auna, sai muka samu ƙafa 66 da inci huɗu. Na ce to ashe ta jabu ce. Ya yi dariya ya ce a'a, tsufa ne. Zobban nan ɗaruruwa suna gugar juna kullum ana jan su cikin yashi da duwatsu, kowanne ya ɗan ci, sai sarƙa ta ƙara tsawo ba wanda ya sani. Sarƙar da ta yi tsawo kuwa rage fili take yi, domin inda ya kamata ta shiga sau ɗari sai ta shiga ƙasa da haka. Inci huɗu ba komai ba ne a ido, amma a mil ɗaya ya zama inci 320, wato ƙafa 26 da inci takwas. Ya ce shi ya sa a zamaninsu ba a fita aiki sai an gwada sarƙa da ma'aunin da ke ajiye a ofis wanda ba a taɓa fita da shi daji, a rubuta bambancin a littafi, a gyara lissafi da shi.

Wannan magana ta zauna mini, domin ni ma a kan ma'auni nake wuni. Tun da na hau sikelin Alhaji ban taɓa tambayar kaina ko shi sikelin gaskiya yake faɗa ba.

Daga ranar na shiga nema. Na gaya wa yaran da ke kawo mana kaya cewa duk wanda ya ga wani abu na tagulla mai gilashi, ko mai rubutun lambobi a kewaye, ko akwatin katako mai ƙugiya, kada ya fasa, ya kawo mini zan biya fiye da kilo. Yawanci shirme suke kawowa, tsohon mitan ruwa, fitilar jirgi, kan famfo. Amma a hankali abubuwa suka fara fitowa, saboda Badun gari ne na tsofaffin ma'aikata. Nan ce hedikwatar tsohuwar Jihar Yamma, kuma makarantar koyon safiyo da aka fara buɗewa a Ikko a 1908 ta yi zama a nan kafin a mayar da ita Oyo, inda take har yau. Mutane da yawa da suka yi wannan aiki a nan suka tsufa, a nan suka rasu, 'ya'yansu kuma wasu suna Ikko wasu suna Turai, ba ruwansu da akwatin da ke ƙarƙashin gadon baba.

Na biyu da na samu kamfas ne mai ɗan gilashi a gefe, wanda kake leƙa abu daga nesa kuma kana karanta digiri a lokaci guda. Na buɗe shi a tsakiyar wurin aikinmu, allurar ta yi ta yawo, in na matsa nan ta nuna can, in na koma can ta juya. Na kai wa Baba ina cewa ya lalace. Ya ce in bi shi bayan gari. Muna isa fili allurar ta tsaya cak. Ya ce, "Ɗan Alhaji, ka tsaya a tsakiyar tan ɗari na ƙarfe kana tambayar allura ina arewa?" Ya ƙara da cewa ko a daji arewar allura daban take da arewar gaskiya, kuma bambancin yana sauyawa da wuri da kuma shekaru, don haka mai aiki da kamfas dole ya san nawa zai ƙara ko ya rage.

A kan wannan kamfas ɗin na yi wautar da har yau take ci mini rai. Na ga ya yi duhu, sai na samo toka da lemon tsami da soson ƙarfe na dirje shi har ya yi walƙiya. Da na gama, rabin ƙananan layukan da ke jikinsa sun shafe. Abin da ya shekara aru-aru yana jiran mai karanta shi, na kashe shi cikin rabin awa. Tun daga nan na koyi cewa tsohon abu ba a yi masa wankan amarya. Tsumma mai laushi, ɗan buroshi, ɗigon man keken ɗinki a inda yake juyawa, shi ke nan. Babban abokin gaba a nan Kurmi shi ne danshi, domin yana sa wani farin abu kamar saƙa ya tsiro a cikin gilashi ya cinye shi. Ina tara 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ina zubawa cikin akwatunan, kuma da rani nakan buɗe su su sha iska a inuwa.

An kuma taɓa cin kuɗina. A 2020 wani ya kawo mini wani kyakkyawan abu mai madubin hange a cikin akwati, an rubuta Kelvin & Hughes London 1917 a jikinsa. Na biya N18,000, kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa. Baba ya juya shi sau ɗaya ya miƙo mini. Ya ce kamfanin da ke da wannan suna bai wanzu ba sai 1947, lokacin da kamfanoni biyu suka haɗe, to ta yaya ya ƙera abu a 1917? Irin kayan adon nan ne da ake yi sababbi, a shafa musu baƙi su yi kamar sun tsufa, ana sayar wa masu son ƙawata falo. Ya nuna mini yadda ake ganewa. Na gaskiya layukansa sirara ne kamar gashi kuma tazararsu ɗaya, sukurorinsa suna juyawa sumul ba sa girgiza, yawanci yana da lambar ƙira, kuma in ka leƙa madubin za ka ga abu tar. Na jabu kuwa kyau ne kawai, ba ya auna komai. Ban jefar da shi ba, yana nan a kan kanta, duk lokacin da zuciyata ta fara rawa a kan wani kaya nakan dube shi.

Wanda ya fi kowanne daraja a wurina shi ne tiyodolait, wato na'urar nan mai madubin hange da ake ɗorawa a kan ƙafa uku, wadda ke auna kusurwa a kwance da a tsaye. Na same ta a 2021 wurin wata tsohuwa da ke rabon kayan mijinta. An rubuta Cooke, Troughton & Simms a jikinta, kamfanin birnin York na Ingila, wanda bai samu wannan suna ba sai 1922, saboda haka na san ba ta girmi wannan shekarar ba. Da na leƙa ciki na ga layi biyu sirara sun gicciye juna. Baba ya ce a tsofaffin na'urori da yawa zaren gizo-gizo ne ake shimfiɗawa a wurin, saboda ya fi duk wani zare siranta kuma yana da ƙarfi, har akwai masu gyara da ke kiwon gizo-gizo don wannan aiki kawai. Na ɗauka wasa yake yi, sai da na bincika na tarar haka ne.

Wata uku yana koya mini ita duk ranar Lahadi bayan ya dawo daga coci. Yadda za ka kafa ƙafafun, ka saki ɗan dalma mai tsini a igiya ya sauka daidai kan alamar da ke ƙasa, ka yi ta murɗa sukurori har kumfar da ke cikin ɗan bututun ruwa ta tsaya a tsakiya. Yadda ake raba digiri ɗaya zuwa minti 60, da yadda kuskuren minti ɗaya tak yake zama kusan ƙafa guda idan abin da kake hange yana nesan kilomita ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a yarda da karatu ɗaya. Ka auna kusurwa, sai ka kifa madubin, ka juya na'urar ta ɗaya fuskar, ka sake aunawa, ka ɗauki tsakiyar biyun, domin in na'urar tana da karkata, karkatar farko ta kashe ta biyu. Sannan in ka zagaye fili dole ka dawo inda ka faro. Fili mai kusurwa huɗu, in ka tara kusurwoyinsa na ciki dole su ba ka 360. In ba su kai ba, ko sun wuce fiye da abin da aka yarda, babu wanda za ka zarga, sai ka koma ka sake. Baba ya ce duk aikin an gina shi ne a kan cewa sarƙa tana ƙarya, allura tana ƙarya, ido yana ƙarya, kai kanka kana kuskure, don haka kowanne sai an sa masa mai tsaro.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai lokacin da nake kallon kayan nan raina ya ɗan sosu. Da irinsu ne Turawan Ingila da na Faransa suka bi daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamun iyaka, aka wayi gari Katsina tana wata ƙasa Maraɗi tana wata. Kuma a ƙasar Kano tsofaffi suna ba da labarin malaman taki, waɗanda ke auna gona da ƙafa don a yanka mata haraji. Awo bai zo mana a matsayin abin alheri ba da farko. Amma da na faɗa wa Baba haka sai ya tuna mini da Herbert Macaulay, wanda hotonsa ke jikin kwabon naira ɗaya. Ɗan safiyo ne da ya yi karatu a Ingila, ya yi wa gwamnatin mulkin mallaka aiki a Ikko, ya ajiye, ya koma yana tsaya wa mutanen gari a rigingimun ƙasa da ita gwamnatin. Ya ce na'ura ba ta da ɓangare, ta wanda ya iya ta ce.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

A 2006 Alhaji ya sayi fuloti biyu a bayan Moniya, kowanne ƙafa 60 da 120 kamar yadda ake yanka su a nan, a jere, wato faɗin ƙafa 120 ke nan. Daji ne a lokacin. An auna masa da igiya a gaban shaidu, irin abin da a Kano ake kira awon igiya, aka dasa itacen da Yarbawa ke kira peregun a kusurwoyi, kamar yadda a gida ake dasa gamba a iyakar gona. Aka ba shi rasit na iyalin da suka sayar, ya ninke ya sa a cikin akwati. Bai kira ɗan safiyo ba. Ya ce mutanen kirki ne, kuma kuɗin safiyo ya isa sayen bulo ɗari biyu. Burinsa shi ne wata rana ya fitar da mu daga gidan haya, ya gina nasa, tunda a nan ya haife mu kuma a nan iyayensa suke kwance.

Sai jirgin ƙasan Ikko zuwa Ibadan ya fara aiki a 2021, tasharsa kuma a Moniya. Dajin jiya ya zama gari, kowa ya tuna yana da fili. Farkon 2022 muka je dubawa, muka tarar maƙwabcin yamma ya ja katanga, itatuwanmu biyu suna cikin gidansa. Ban taɓa ganin fuskar Alhaji kamar ranar ba. Ni kuwa jinina ya hau. Washegari na ɗauko sarƙata na shiga mota, na ce yau ranar amfaninta ta zo. Na ja ta daga katangar zuwa layin bulon da Alhaji ya jera a gabas. Ya kamata in samu gaɓa kamar 182, na samu 154. An ci mana ƙafa 18. Na dawo ina huci, ina cewa raini ne, don an ga mu baƙi ne.

Baba ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Sarƙarka ba ta da lasisi, kuma ni da kai mun san ta fi tsawonta. Ka auna daga ina zuwa ina? Daga itacen da kowa zai iya tugewa ya dasa?" Ya ce kotu ba ta san peregun ba, abin da ta sani shi ne taswirar fili mai sa hannun ɗan safiyo mai rajista da hukumar SURCON, da bikon na siminti masu lamba a ƙasa, kuma ko takardar mallaka ta gwamna da dokar ƙasa ta 1978 ta tanada ba a samun ta sai da wannan taswira. Ya ce mu daina zargin kowa tukuna, mu kira mai awo.

Aka kira. Wani matashi ne ya zo da na'urar zamani mai magana da tauraron ɗan'adam, ya gama cikin awa biyu abin da zai ɗauki tiyodolait ɗina kwana guda. Ya nemi takardun maƙwabta. Na yamma ya fito da taswirarsa, an yi ta tun 2004, shekara biyu kafin Alhaji ya saya, kuma katangarsa tana kan bikon ɗinsa daidai. Mutumin da na kwana ina zagi bai ci mana ko inci ba. Masu sayarwa ne igiyarsu ta hau kan abin da suka riga suka sayar, ko da sani ko da kuskure, Allah ne masani, domin dattijon da ya riƙe igiyar ya rasu.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Mai awon ya duba lambobin filin gabas, na wata malamar makaranta ce da mijinta ya rasu, ya je wani wuri a cikin filinmu ya ce a haƙa. Aka haƙa kamar taƙi biyu, sai ga kan bikon. Layin bulon Alhaji ya shiga filin matar da ƙafa bakwai, shekara goma sha shida, ita ba ta sani ba, mu ba mu sani ba. Filin da muka ɗauka 120 ne, 95 ne.

A mota muna dawowa na ce, "Alhaji, ita fa ba ta sani ba. Kuma mu ma an cuce mu."

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Wanda ya cuce mu daban, ita daban. Kai da kake wuni a kan sikeli kake faɗin haka?"

Ranar Asabar ya aika aka kira ta, ya nuna mata bikon, ya sa yara suka kwashe bulon a gabanta. Matar ta rasa abin faɗa, sai durƙusawa take yi tana godiya da Yarbanci. Iyalin da suka sayar mana, bayan zama uku a gaban manyan unguwa, sun mayar da wani abu daga cikin kuɗin, amma da farashin 2006, wanda yau ko ƙofar ƙarfe ba zai saya ba. Alhaji ya karɓa. Aka yi mana taswira, aka kafa bikon huɗu masu lamba. Yanzu gini ya kai linta, ɗaki ɗaya ya ragu daga yadda aka tsara, kuma matar nan ita ke sa mana ido a kan siminti in ba ma nan.

Bayan kwana biyu da wannan, na tarar da Alhaji a ɗakina yana juya sarƙar a hannunsa. Ya tambaye ni yadda ake gane ta ƙara tsawo, na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce in nemo dutsen awo na kilo goma da na ashirin masu kyau, in riƙa gwada sikelinmu da su duk ranar Asabar kafin a fara ciniki. Gwajin farko muka tarar yana rage kusan rabin kilo a kowane ashirin. Wato shekaru muna tauye yaran da ke yawo cikin rana suna kawo mana kaya, ba da niyya ba. Aka kira mai gyara. Tun daga ranar bai sake kiran kayana tarkace ba, ko da yake har yanzu in na sayi sabo yakan tambayi kilo nawa ne.

Abin da nake da shi yau bai taka kara ya karya ba: sarƙa biyu, kamfas uku har da wanda na lalata, lebul ɗaya na auna tudu da gangare, tiyodolait ɗaya, tsinke bakwai cikin goma, da ɗan dalman da Baba ya ba ni kyauta, wanda ya yi aiki da shi tun yana saurayi. Ba na sayen abin da ban san daga inda ya fito ba, kuma duk wanda ya kawo mini abu mai alamar wata ma'aikata ko makaranta nakan ce ya mayar inda ya ɗauko. Sana'armu ta riga ta sha zargi a garuruwan nan, bai kamata mu ƙara mata ba.

Roƙona biyu ne ga 'yan uwa. Na farko ga masu sana'a irin tamu, daga Badun har Ikko da Benin: in irin waɗannan kaya suka faɗo hannunku, ku dakata da guduma. Tagullar da ke jiki ba za ta wuce kuɗin abincin kwana biyu ba, amma in an fasa shi ke nan, masu ƙera su sun daɗe da rufe masana'anta. In ba ku da sha'awa, ku nemi mai sha'awa ko ku kai wa wata makaranta.

Na biyu ga duk wanda Allah Ya hore wa ya sayi fili a ƙasar da ba ta kakanninsa ba. Iyayenmu sun saba da ciniki na amana, a tafa hannu, a yi addu'a, a watse. Amana tana da kyau, amma shaidu suna mutuwa, itace yana bushewa, igiya tana miƙewa. Kafin ka sayi bulo ko ɗaya, kira mai awo mai rajista, ka ga bikon da idonka, ka nemi ganin takardun maƙwabta, ka adana taka inda ruwa da wuta ba za su kai ba. Ka kuma shirya zuciyarka, domin awon zai iya nuna an shiga naka, zai kuma iya nuna kai ne ka shiga na wani.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.